NAZARI: Kujera ɗaya, mata biyu: Tushen saɓani tsakanin manyan ma'aikata mata da matasa a Yola da Jimeta

Ranar 27 ga Agusta, 2026 Jihar Adamawa ke cika shekara 35 da kafuwa. Ma'aikacin gwamnati ya san wannan adadi sarai, domin shi ne iyakar wa'adin aiki ga duk wanda shekara 60 ta haihuwa ba ta riga ta cim masa ba. Ke nan matan da aka ɗauka aiki a 1991, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba, su ne a wannan zango suke haɗa takardun ritaya, in ban da malaman makaranta da farfesoshi waɗanda doka ta tsawaita wa wa'adi. A bayansu kuma akwai 'yan matan da suka shiga aji ɗaya a 1976 ƙarƙashin shirin ilimin firamare kyauta na UPE, waɗanda za su cika shekara 60 a 2030.

Waɗannan mata su ne suka buɗe wa na baya ƙofar aikin ofis a wannan yanki, kuma nan da 'yan shekaru za su miƙa kujerunsu da makullan kabad ga matan da wasunsu ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da su suka karɓi albashin farko. Sai dai miƙa ragamar ba ta tafiya salin alin. A ofisoshin tarayya da na jiha, da asibitoci da makarantun Yola da Jimeta, akwai wata 'yar tsama tsakanin manyan ma'aikata mata da matasa, wadda ba a kawo ta teburin taro, amma ana jin ɗuminta a cikin keke Napep a hanyar komawa gida, da wajen biki, da zaurukan WhatsApp.

Bayanin da aka fi saurin bayarwa shi ne wai mata ba sa son ci gaban junansu, kishi kumallon mata. Wannan bayani yana da daɗin faɗa domin bai ɗora wa kowace hukuma nauyin gyara komai ba. Amma idan aka dubi yadda aka gina tsanin aikin gwamnati, da yawan kujerun da ake bar wa mata a samansa, za a ga cewa mafi yawan abin da ake kira kishi rigimar gurbi ce.

Ƙorafin ɓangarorin biyu

Matasan suna cewa babbar ma'aikaciya ta fi tsananta wa mace a kan namiji. Kuskuren da saurayi zai yi a gyara masa cikin raha, idan budurwa ta yi shi sai a kai ga takardar tuhuma. Suna cewa ana sa musu ido a kan ɗinki da kwalliya da wanda ya sauke su a bakin ƙofa fiye da aikin da suka yi, ana ɓoye musu sanarwar bita da kwas, kuma idan suka kawo shawara a taro sai a fassara ta da rashin kunya.

Manyan kuma suna cewa yaran yanzu suna son su girbe abin da ba su shuka ba. Ba su iya rubuta sharhi a fayil ba, ba su karanta ƙa'idojin aiki ba, kuma ba sa jin nauyin tsallake shugabar sashe su kai magana kai tsaye ga mai gida na sama ko wani ɗan siyasa da ya kawo su. Abin da ya fi yi wa manyan ciwo shi ne ganin wadda suka koya wa aiki jiya, yau tana yi musu kallon tsohon yayi saboda ta fi su saurin hannu a kwamfuta.

Kowane ɓangare yana da hujja. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa wannan gogayya, wadda maza ma suke yi tsakanin babba da ƙarami, take zama mai zafi haka idan ta faɗo tsakanin mata.

Gida ya biyo su ofis

Yola gari biyu ne a haɗe. Akwai tsohon gari, mazaunin Lamiɗo, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, akwai kuma Jimeta inda ma'aikatu da bankuna da babbar kasuwa suke, inda Fulani da Hausawa da Bachama da Kilba da Margi da Higgi da Chamba da sauran al'ummu suke zaune tebur da tebur. Duk da bambancin harshe da addini, al'ummomin nan sun haɗu a kan girmama na gaba. A tarbiyyar Fulani ta pulaaku, semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri, suna cikin abin da ake auna mutum da shi, kuma an fi tsananta awon a kan 'ya mace.

Saboda haka matashiya ba ta kiran shugabarta da sunan muƙami kawai. Mama ce, ko Hajiya, ko Anti, ko Adda, ko Dada. Ita kuma babbar takan ce “'yata” ko “ƙanwata”. Wannan zumunci yana da amfani na gaske. Shi ne ke sa shugaba ta rufa wa ƙaramar ma'aikaciya asiri ranar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi, ta sa ta a adashe, ta tsaya mata ranar biki ko rasuwa.

Illarsa tana bayyana ne ranar da aiki ya bukaci a yi musu. Ƙaramin jami'i yana iya ce wa darakta, “Ranka ya daɗe, ina ganin lissafin nan da gyara,” a ɗauke shi mai himma. Amma 'ya ba ta gyara wa uwa magana a gaban mutane. Idan ta yi shiru aiki ya lalace, idan ta yi magana an ce ba ta da tarbiyya. Ita ma babbar tana cikin irin wannan tarko, domin ana jiran ta nuna tausayin uwa a wurin da ƙa'ida ta ce ta hukunta, kuma ranar da ta hukunta sai a ce muguwa ce, alhali namijin da ya yi haka sai a ce ba ya wasa da aiki.

Lamarin yakan ƙara cakuɗewa idan girman shekaru da girman muƙami suka saɓa. Mace mai shekara 55 da ta shigo da difloma ta tsaya a mataki na 14, inda tsarin aiki ya daɗe yana tsayar da masu babbar difloma, za ta iya wayar gari tana karɓar umarni daga mai digiri da ta girma da shekara goma sha biyar. A gida ita za a gaisar a durƙushe, a ofis kuma ita za ta kai fayil.

Lissafin tsani

Mai digiri yana shiga aikin tarayya a mataki na 8. Daga mataki na 7 zuwa na 14 ana bukatar aƙalla shekara uku kafin kowane ƙarin girma, daga na 15 zuwa na 17 kuma shekara huɗu, kuma babu mataki na 11 a tsarin. Idan aka haɗa lissafi, wadda ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ba ta kuma taɓa rasa gurbi ba, sai ta yi shekara 26 kafin ta zama darakta. Idan ta shiga aiki tana da shekara 27, za ta kai can tana da 53, saura mata shekara bakwai kacal.

Cin jarrabawa kuma bai wadatar ba, sai akwai gurbi. A tsarin da aka daɗe ana bi, jarrabawa tana da maki 70, rahoton shekara na APER yana da 20, daɗewa a aiki kuma 10. Wancan rahoto shugaba na kusa ne ke cika shi. Ma'ana wani yanki na makomar matashiya yana hannun matar da ke zaune a kujerar da ita ma take hange.

Sababbin ƙa'idojin aikin gwamnati da suka fara aiki a Yulin 2023 sun dawo da dokar wa'adi, wadda gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta kawo a 2009, gwamnatin Muhammadu Buhari kuma ta dakatar a 2016. Darakta zai sauka bayan shekara takwas a kan muƙamin, babban sakatare kuma shekara huɗu da damar sabuntawa sau ɗaya. Na ƙasa sun yi marhabin da dokar domin tana buɗe guraben da suka toshe. Na sama, musamman matan da suka yi ta jinkiri saboda haihuwa da reno da bin miji duk inda aka mayar da shi, suna ganin sun iso a makare ga shi ana nuna musu ƙofa.

Ma'aikaciyar tarayya da ke Yola tana da wata matsalar da ta Abuja ba ta da ita. Ofishin reshe a jiha yana da shugaba ɗaya da 'yan kujeru ƙalilan a ƙarƙashinsa, manyan guraben suna hedikwata. Wadda ta zaɓi zama kusa da iyalinta a Karewa ko Bekaji ko Shagari za ta daɗe a kujera ɗaya, na bayanta suna jira. Wadda ba ta da nauyin iyali, ko ta sami mijin da ya yarda, za ta karɓi canjin wurin aiki, bayan 'yan shekaru ta dawo da muƙamin da ya fi na wadda ta koya mata aiki.

Takunkumin ɗaukar ma'aikata, irin wanda aka sa a 2020 lokacin annobar korona, ya ƙara wani giɓin. Duk shekarun da aka yi ba a ɗauki mutane ba, rukunin tsakiya ne ke raguwa, wato 'yan shekara arba'in da ya kamata su zama gada, waɗanda suka san zamanin tafireta suka kuma san na intanet.

Ilimi iri biyu

Babbar ma'aikaciya ta koyi aiki a zamanin fayil mai igiya da takardar kabon. Ta san wace wasiƙar umarni ce ta soke wace, ta san abin da mai binciken kuɗi zai tambaya, ta san yadda ake ce wa mai gida a'a ba tare da an furta kalmar ba. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Tun daga 2007 da aka fara biyan albashi ta IPPIS, zuwa 2015 da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA, har zuwa wa'adin ƙarshen 2025 da ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sa wa ma'aikatu su daina aiki da takarda, darajar aiki tana ta komawa wajen mai iya kwamfuta. Sau da yawa matashiyar ce ke haɗa rahoton da shugabarta za ta sa wa hannu, kuma idan ba a ambaci sunanta ba sai ta ji an ci guminta. Shugabar kuma ba ta jin daɗin dogaro da wadda ta haifa a kan abin da ba ta iya dubawa da kanta.

A Adamawa rikicin Boko Haram ya ƙara wani abu. Bayan da mayaƙan suka kama Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, 'yan gudun hijira suka kwararo Yola, aka buɗe sansanoni irin na Malkohi da Fufore, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suka kafa ofisoshi a Jimeta. Sun ɗauki matasa da yawa, ciki har da 'yan mata da suka kammala Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi da Jami'ar Amurka ta Najeriya. A can aka koya musu kiran shugaba da sunansa, da faɗar ra'ayi a taro, da auna aiki da sakamako. Sai ga 'yar shekara 28 tana zaune gaban darakta a ma'aikata a matsayin wakiliyar masu ba da tallafi, tana neman bayanin yadda aka kashe kuɗi, albashinta kuma ya fi na daraktar. Da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a farkon 2025, guraben ƙungiyoyin suka ragu, aikin gwamnati ya sake zama abin nema ga masu wancan horo. Al'adun aiki biyu ke nan a ɗaki ɗaya.

Mataimaka na musamman ga ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa sun san irin wannan zama. Matashiyar da aka naɗa jiya tana isar da umarnin mai gidanta ga matar da ta yi shekara talatin tana hawan tsani. Mataimakiyar tana da kunnen mai gida amma wa'adinta gajere ne, daraktar kuma ita za ta amsa tambayar masu bincike bayan kowa ya watse.

A asibiti, inda mata ke shugabantar mata fiye da ko'ina, tsofaffin nas-nas da ungozoma da suka fito daga makarantun koyon jinya suna aiki da matasa masu digiri. A Fabrairun 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Babbar nas tana ganin tana horar da wadda gobe za ta tafi Ingila ko Saudiyya, ƙaramar kuma tana ganin zaman shekara talatin a kan wannan albashi ba abin koyi ba ne.

“Mu ma haka muka sha”

Babu inda saɓanin ya fi fitowa fili kamar batun haihuwa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta tanadi hutun mako 12 da aƙalla rabin albashi. Ƙa'idojin aikin tarayya sun fi haka, ba su gaza mako 16 da cikakken albashi ba, tare da sassaucin awa biyu a kullum ga mai shayarwa, kuma a 2021 Majalisar Zartarwa ta amince da hutun kwana 14 ga uba. Matar da ta haifi 'ya'yanta a lokacin da babu irin wannan sauƙi, ta riƙa barin jariri wajen kaka tana tsoron a ce mata ba su dace da aiki ba, wani lokaci takan ga mai neman haƙƙinta a matsayin mai son jiki. Matashiyar kuwa doka ce ta ba ta.

A ƙarƙashin wannan magana akwai tsoro. Wadda ta kasance mace ɗaya tilo a sashenta ta saba da cewa kuskuren mace ɗaya ana lissafa shi a kan dukkan mata. Tsananin da take yi wa ƙarama wani lokaci kariya take nufi da shi, ko da yake wadda ake yi wa ba ta jin sa haka.

Abin da bincike ya nuna a wasu ƙasashe

A farkon shekarun 1970 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka raɗa wa wannan hali sunan sarauniyar ƙudan zuma, wato macen da ta kai sama ta hana wasu matan hawa. Binciken da ya biyo baya ya gyara fahimtar. Belle Derks da abokan aikinta a ƙasar Holan, waɗanda suka yi nazari a kan manyan 'yan sanda mata a 2011, sun nuna cewa nesanta kai daga sauran mata martani ne ga wariyar da mace ta fuskanta a wurin aiki. Wani nazari na masana daga jami'o'in Maryland da Columbia, da aka buga a 2016 bayan duba manyan kamfanonin Amurka 1,500 na tsawon shekara 20, ya gano cewa da zarar mace ɗaya ta shiga sahun shugabanni, damar ta biyu takan ragu da kusan rabi, sai dai idan macen ce shugabar kamfanin gaba ɗaya. Wato masu naɗi ne suke ganin ɗaya ta isa. Farfesa Kecia Thomas kuma, a 2013, ta bayyana yadda ake karɓar mata baƙar fata a wuraren aikin Amurka a matsayin 'yan lele lokacin da suke sababbi, a koma yi musu kallon barazana da zarar sun goge.

Darasin siyasar Adamawa

Tun daga 2015 mata uku ne a jere suka shugabanci ma'aikatan tarayya: Winifred Oyo-Ita, da Folasade Yemi-Esan, da Didi Esther Walson-Jack wadda ta karɓa a Agustan 2024. Amma a Majalisar Dattawa ta goma mata huɗu ne cikin 109, majalisun tarayya sun yi watsi da ƙudurorin ƙara wa mata kujeru a Maris 2022, kuma kashi 35 cikin ɗari na muƙamai da Babbar Kotun Tarayya ta umarci a bai wa mata a Afrilun wannan shekarar bai tabbata ba.

Adamawa ta fitar da sanatoci mata uku, ɗaya daga kowace shiyya: Grace Bent a 2007, Binta Masi Garba a 2015, da Aishatu Ɗahiru Binani a 2019. Abin lura shi ne ba a taɓa samun biyu a lokaci ɗaya ba. A Mayun 2022 Binani ta ci zaɓen fitar da gwani na APC da ƙuri'a 430, ta kayar da Malam Nuhu Ribaɗu da tsohon gwamna Bindow Jibrilla. Bayan nan Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya ɗauki Farfesa Kaletapwa Farauta, shugabar jami'ar jiha, a matsayin abokiyar takara, ta zama mace ta farko mataimakiyar gwamna a jihar. A 2023 kuma Mai Shari'a Hafsat Abdulrahman ta zama mace ta farko babbar alƙaliyar jihar. Fitowar mace ɗaya da ƙarfi ta sa ɗaya ɓangaren ma ya nemi tasa, kujerun mata suka ƙaru.

Abin da ya rage a yi

Hasarar da wannan 'yar tsama ke jawowa ta gwamnati ce da jama'a. Babbar da ta ji an raina ta za ta yi ritaya da iliminta a ka. Ƙaramar da ta ji an danne ta za ta nemi canji, ko ta koyi yin shiru tana jiran ƙarshen wata. Wanda zai ɗanɗana kuɗarsa shi ne ɗan fanshon da fayil ɗinsa ya kwanta, da mai naƙudar da aka miƙa ta tsakanin nas biyu da ba sa ga maciji.

Akwai gyaran da ke hannun hukuma. Sabon tsarin auna ƙwazo da ke maye gurbin APER zai rage zargin son rai idan aka rubuta abin da ake jira daga kowane ma'aikaci tun farkon shekara, aka kuma ba shi damar ɗaukaka ƙara. Sanarwar bita da kwas da guraben ƙarin girma ta isa ofisoshin jihohi a fili, a daina raɗa ta a kunnen 'yan gaban goshi. Koyar da na ƙasa ya shiga cikin makin da ake bai wa shugaban sashe, a kuma wajabta wa duk mai shirin ritaya ya yi watanninsa na ƙarshe tare da magajinsa, ya bar bayanin miƙa aiki a rubuce. Horon kwamfuta ga manya a yi shi a yanayin da ba za su ji kunyar tambaya ba. Masu naɗi kuma su daina ɗaukar mace ɗaya a kwamiti a matsayin cika sharaɗi.

Akwai kuma wanda ke hannun matan kansu. Babba ta bambanta gyaran aiki da gyaran tarbiyya, ta ambaci sunan wadda ta haɗa rahoto idan ana yabo. Ƙarama ta kai gyaranta ofishin shugaba kafin ta kai shi zauren taro, ta kuma tambayi dalilin tsohuwar ƙa'ida kafin ta yi mata dariya. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, amma a ofishin yau akwai abin da ke kan allon kwamfuta wanda sai babba ya matso kusa da yaro zai gani. Shekarun da suka rage wa rukunin 1991 da 'yan UPE su yi wannan musayar ba su da yawa.